Jirgin Maɗaci da Hannun Taubashi

Mutumin da ya tashi a Paraku ba shi da wani dalilin son jirgin ruwa. Ruwan da muka sani shi ne na rijiya, da na kwata in damina ta yi ƙarfi, sai kogin gabashin gari wanda da rani akuya ma ba ta ganin girmansa. Amma ni na so jirgi, kuma ban nemi izinin kowa ba.

Sana'ar gidanmu shanu ce. Mahaifina dillali ne a kasuwannin Bargu, na gaje shi, na ƙara da rakiyar manyan motocin shanu zuwa Kwatano. Idan mun sauke kaya, abokan tafiya sukan shimfiɗa tabarma ƙarƙashin mota su yi barcin rana, ni kuwa sai in nufi bakin teku in tsaya ina kallon jirage kamar wanda aka aika ya mance saƙo. Waɗancan na ƙarfe ne, manya, marasa fasali. Wanda ya shiga raina na gan shi ne a jikin kalandar wata mai sayar da abinci kusa da tashar: jirgin katako irin na da, mai jiguna uku a tsaye da fararen ƙyallaye cike da iska. Da shekara ta ƙare na roƙe ta hoton, ta ba ni tana kallona kallon mai ƙaramin taɓin hankali.

Lokacin da gwiwata ta ƙi hawa mota, na dawo gida unguwarmu ta Lajifarani na zauna, sai hannuna ya fara ƙaiƙayi. Na je wurin wani kafinta na kwaso guntayen katako, na samo ƙaramin zarto da reza da gam, na kafa hoton nan a bango na fara.

Jirgi kamar saniya yake. Da farko ƙashin baya, sai haƙarƙari a jere, sannan a rufe da fata. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan mahauci yana fiɗa ya san rabin aikin, sai dai ni daga ƙashi nake farawa in ƙare a fata. Fatar ita ce wahala, domin sirara-siraran katako ne, kowanne sai an turara shi a bakin tukunya ya yi laushi kafin ya yarda ya lanƙwasa. Matata ta yi haƙuri har ranar da ta ce miyarta ta fara ɗanɗanon katako, daga nan ta miƙo mini tsohuwar tukunya ta kore ni daga madafa. Jiguna kuwa da tsinken tsire nake yi, maƙwabtana mahauta ne ke tara mini, kowane tsinke da guzurin tsiyar da za su yi mini. Igiyoyi zaren ɗinkin hula ne. Ƙyallayen nakan jiƙa su a ruwan shayi su yi launin tsufa. Jirgina na farko ya fito kamar akushi, na biyu kamar takalmi, amma daga na uku mai wucewa ya fara tsayawa.

Duk garin nan babu wanda nake tsoro a kan jiragena sai mutum ɗaya, kuma ba ma a garin yake ba. Taubashina ne, ɗan yayan mahaifiyata, mai sayar da goro a Jugu. Zuriyar fataken goro ne su, kuma ba ya barin kowa ya manta. Sa'annin juna ne mu. Tun muna yara yake cewa ni bawansa ne, ni ma ina cewa shi ne bawana. Mahaifiyata, wadda take zaune a gidana kuma ita kaɗai ta rage da za ta iya raba wannan gardama, in an tambaye ta sai ta yi dariya ta ci gaba da gurza goronta. A duniya babu mai zagina a gaban iyalina in ji daɗi sai shi.

A wasu gidaje, idan watan cika-ciki ya kama, taubasai kan ba juna ɗan abin shara a wuce wurin. A danginmu ba haka ba ne, ƙwace ake yi. Taubashi yakan shigo gidanka a cikin watan, ya ɗauki abu guda da hannunsa ya fita, da zarar ya tsallake bakin zaure ya zama nasa. Ba a roƙo, ba a kuma bayarwa. In ka miƙa masa da kanka ka zage shi, ka mai da shi maroƙi. Ni ma ina da damar ƙwace abin da ya zo da shi, amma mutumin nan wayo gare shi kamar zomo. Duk shekara in zai zo gaishe da gwaggonsa, sai ya zaɓo hular da ta fi kowacce koɗewa, da takalmin da ɓera ya gama da shi, da wandon da ko almakashi zai ji tausayinsa. Mutum mai rumbun goro guda ya shigo maka kamar wanda gobara ta kora. Ni in zaga shi in rasa abin ɗauka, shi ya fita da rediyona.

Da na fara jirage sai ya daina kallon rediyo. Ya ɗauki mai kama da akushi, na ce Allah ya raka taki gona a raina, ban faɗa ba. Wata shekara ya ɗauki wani ɗan madaidaici da na sha wahalarsa. Bai yi sati ba ya turo mini hoto a waya: ya cire jigunan, ya zuba ruwa a ciki, kajinsa suna sha. Ya ce ya ga jirgin yana kewar ruwa ne shi ya sa ya taimake shi. Na yi dariya a gaban mutane, amma ranar abinci bai yi mini daɗi ba.

Sai ga babban jirgin. Shi ne na cikin kalanda, wanda tun farko dominsa na fara. Na sami katakon maɗaci ja wur, busasshe, na yi masa tsawo daga kafaɗata zuwa yatsa. Damina ta zo ta same ni a kai, ta wuce, wata ta sake zuwa ina nan. Na yi masa tagogi da ƙofofi masu buɗewa, da matakala ƙanana, da anga, wato ƙugiyar tsayar da jirgi, da na goge daga tsohon cokali. Igiyoyinsa kaɗai sun sa na sayi tabarau. Ranar da na ɗaura zare na ƙarshe na ja da baya na kalle shi. Ban taɓa yin wani abu mai kyau irinsa ba, kuma na san idona da hannuna ba za su ƙara ba ni irinsa ba. Nan take kuma na tuna saura kaɗan watan cika-ciki ya tsaya, na tuna kajin Jugu.

Na fara da tunanin ɓoyo. Amma a ina? Mahaifiyata ba ta iya ɓoye wa ɗan yayanta komai, da ya durƙusa ya miƙa mata farin goro za ta nuna masa da haɓa. In kai gidan maƙwabci kuma abin kunya ne, za a ce na gudu. Ina zaune a zaure ina kallon teburin aikina sai dabara ta faɗo mini, irin dabarar da in ta zo mutum yakan ji shi kaɗai Allah ya ba hankali a unguwa.

Teburin tsohon teburin mahauta ne, kauri gare shi. Na haƙa ƙasa na binne ƙafafunsa da siminti. Na zaunar da jirgin a kan wani allo mai ƙarfi, na ɗaure allon a jikin teburin da dogayen ƙusoshin murɗawa ta ƙasa, inda ido ba ya gani. Don kada ya kama jikin jirgin ya karya mini, sai na sa wa allon hannaye biyu masu sheƙi, ɗaya dama ɗaya hagu, suna kiran mai ɗauka. Ƙa'ida ta ce abin da hannunsa ya ɗaga. To, ga shi nan a fili, ya ɗaga. Matata ta leƙo ta ga aikin, ta ce ita dai babu ruwanta. Na ce dama ban kira ta shaida ba.

Shaidu na kira daban. Ranar da ya ce yana tafe, na dafa shayi na tara maƙwabtana mahauta da dillalai biyu abokan kasuwa, na raɗa musu abin da za su gani. Ya iso da hantsi a bayan mai babur, cikin tsummokaransa na kowace shekara. Ya shiga ya gaishe da gwaggonsa, ya fito ya zazzage ni tas: ya ce na yi ƙiba kamar san da aka hana noma, ya ce gidana warin gam yake. Na rama daidai gwargwado. Duk wannan idonsa na kan jirgin. Na ga lokacin da ya gan shi sosai, domin bakinsa ya tsaya da zagi, abin da ban taɓa gani ba.

"Bon," ya ce da guntun Faransancinsa yana naɗe hannun riga. "Bawana ya yi mini aiki bana. Kaji za su ji daɗi."

Ya kama hannayen nan biyu ya ɗaga. Jirgi ko gezau. Ya dube ni, na dubi rufin zaure. Ya gyara tsayuwa, ya tofa yawu a tafin hannu ya sake ɗagawa har jijiyar wuyansa ta fito. Mahauta suka fara cije leɓe. A karo na gaba ya haɗa da ƙarfin cikinsa duka, ya yi wani nishi, sai muka ji ɗas. Ba ƙusa ba ce. Mazagin tsohon wandon nan ne ya gaji da duniya, wando ya sauka har idon sawu, shi kuma ya saki hannayen ya zauna daɓas a ƙasa.

Zauren ya kece da dariya. Wani dillali shayi ya sarƙe shi sai da aka bubbuga masa baya. Ni kaina na yi dariya har na kwanta a tabarma, kuma har yau in na tuna sai na yi. Wanda ya ce abin ba shi da ban dariya ba ya wurin ne.

Ya tashi ya ƙulla wandonsa. Ya leƙa ƙarƙashin teburin ya ga kan ƙusoshin, ya ga simintin. Na yi zaton zai zage ni zagin da za a shekara ana labari, sannan ya sunkuci buta ko agogon bango ya wuce. Na ma ajiye sabuwar fitila a kusa don ya huce da ita. Bai ko kalle ta ba. Ya karkaɗe rigarsa, ya yi wa mutane sallama ɗaya bayan ɗaya, ya juyo gare ni ya ce, "Alhaji, na gode da karɓar baƙi. Allah shi bar zumunci." Ya fita hannu rabbana.

Alhaji. Tun da uwata ta haife ni mutumin nan bai taɓa kirana da abin da ya wuce bawa ba.

Mahaifiyata ta ji komai daga ɗakinta. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi, a gidan ubanta ana ɓoye wa taubashi kaya, ana guje masa da kaya, amma ba ta taɓa jin an ɗaure kaya a ƙasa an tara masa 'yan kallo ba, kuma ba ta taɓa ganin taubashi ya fita daga gidan ɗan'uwansa hannu wofi ba sai yau. Na ce ai ƙa'ida ban karya ba. Ta ce haka ne, ta juya ta fuskanci bango.

Ni a ganina har gobe ina da gaskiya. Jirgina ne, ni na ɓata idona a kansa. Ya kuma zauna daram a zaure, mutane na zuwa kallo har daga wasu unguwanni. Sai dai abin da ya biyo baya ban shirya masa ba. Mutumin nan ya shiga girmama ni. In na kira shi a waya sai ya tambayi lafiyar iyali da gajiya da ciwon gwiwa, ya yi mini addu'a, ya jira ni in fara kashewa. Na gwada tsokanarsa, na ce na ji an ce goronsa duk tsutsa, ya ce Allah ya kyauta, zai duba. Muka haɗu wurin wani suna a Partago, ya tashi ya ba ni kujerarsa a gaban dangi. Na zauna a kanta kamar a kan garwashi. Ladabin nan nasa ya fi kowane zagi ciwo, kuma ya sani sarai, shi ya sa yake ƙara masa gishiri.

Shekara ta zagayo, watan cika-ciki ya tsaya. Na share zaure. Ban gaya wa kowa ba, amma na kwance ƙusoshin nan tun kafin a ga wata, na bar jirgin a sake. Ashura ta zo ta wuce, bai zo ba. Ya aiko wa gwaggonsa da goro ta hannun direba. Na zauna ina kallon jirgi, jirgi na kallona, wata yana ta raguwa.

Kai masa kyauta ba zai yiwu ba, wannan zagi na biyu ke nan a kan na farko. Dole sai dai ya ƙwace, kuma dole kafin wata ya mutu. Sai na nemo babban kwali, na shimfiɗa tsummoki, na zaunar da jirgin a ciki. Na ce wa matata wani malamin makaranta a Bariyenu, can kusa da Jugu, ne yake son ya nuna wa ɗalibansa. Ta ce ashe, to in gaishe mata da malamin makarantar da matarsa da kajinsa.

Na hau taksin Jugu na biya wa kwalin kujerarsa, don ba zan yarda a danne shi da buhu ba. Na sami taubashina a zaurensa, yana zaɓen goro yana jerawa cikin ɗanyen ganye. Ya miƙe tsaye ya tarbe ni, ya sa aka kawo ruwa a sabon kofi, ya shimfiɗa mini darduma. Na ba shi labarin malamin makarantar Bariyenu. Ya ce madalla, ilimi abu ne mai kyau. Na buɗe kwalin na ce bari jirgin ya sha iska, na tura shi har gefen gwiwarsa. Bai kalla ba. Na ce zan zaga cikin gari in gaida dangi, kuma zan daɗe, domin gwiwata ba ta sauri. Na maimaita cewa zan daɗe. Ya ce a sauka lafiya.

Na gaida duk wanda na sani a Jugu, har da waɗanda ban sani ba. Na zauna wurin wata tsohuwa da ta ɗauke ni wani ne daban, na amsa gaisuwar 'ya'yan da ba nawa ba. Na yi la'asar a masallaci mai nisa. Hadari ya haɗo, sannan na kamo hanya ina addu'ar da ban taɓa zaton zan yi ba, wato Allah ya sa a yi mini sata.

Kwalin na nan inda na bar shi. An rufe shi, an naɗe da leda, an ɗaure da igiya tamau.

"Alhaji, na ga hadari, shi ya sa na ɗaure muku kayanku," ya ce. "Kada ruwa shi taɓa. Abu mai daraja ne."

Na ce Bariyenun ma na fasa, gida zan koma. Ya ce to bari ya raka ni. Ya hana ni taɓa kwalin, shi ya ɗauka a kansa har tasha kamar ɗan dako, ya zaunar da shi a kujera, ya gargaɗi direba ya bi a hankali. Ya riƙe hannuna da hannu biyu ya yi mini addu'ar tafiya. Mota ta tashi yana tsaye yana ɗaga hannu.

Tafiyar nan ta Jugu zuwa Paraku ban taɓa jin tsawonta ba sai ranar. Ruwa na dukan gilashi, ga jirgina a gefena lafiya lau, ba wanda zai ƙara taɓa shi har in mutu, ni kuwa ji nake kamar daga jana'iza na fito. Na yi baƙin ciki irin na gaske. Na tabbata na rasa mutumin nan, kuma a kan katako.

Na iso gida bayan magariba. Mahaifiyata da matata suna zaune a rumfa, suka bi kwalin da ido. Na ajiye shi a kan teburin na yanke igiyar, don in mai da abina wurinsa in huta.

Doya ce a ciki. Ƙatuwar sabuwar doya guda, kwance a kan tsummokarana, an soka mata kara uku a baya, kowane kara an rataya masa ganyen goro.

Matata ce ta fara fashewa da dariya. Mahaifiyata ta sa aka kawo mata doyar ta shafa ta, tana dariya ba sauti har hawaye na bin kumatunta. Ni na tsaya riƙe da wuƙa, ban san ko dariya nake ba ko kuka, domin duka biyun sun zo tare. Jirgina ya tafi, ya tafi ke nan har abada, kuma ashe tun daga zaurensa har tasha ɗan banzan nan yana ɗauke da doya a ka yana yi mini addu'a.

Waya ta yi ƙara. Ko sallama bai yi ba.

"Kai bawa, ka isa? To ji nan. Wane makaho ya kafa maka jigon baya? Ya karkata hagu. Tun da kuka tashi nake zaune gabanshi ina kallo, ko goron ban gama ba. In za ka yi wa ubangidanka aiki, ka riƙa buɗe ido."

Jigon baya ya karkata hagu, gaskiya ne, da kaurin zare ɗaya. Shekara guda jirgin yana zaurena, jama'a na shiga suna fita suna yabo, babu wanda ya taɓa gani. Sai da na yi gyaran murya sau biyu sannan na iya ce masa ɓarawo.